Ranar da Muka Kife Jirage

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma wadda har yau take ɓata mini cin tuwo ita ce na taɓa yarda cewa mutum mai takalmi sau-ciki yana tsoron kogi. Kuma ba yaro ba ne ni a lokacin, da gemuna. Da bakina na faɗa a gaban manya, har ina bugun ƙirji.

A ƙarshen mulkin Nasara jirgin ruwa nake tuƙawa a Gaya, irin na katako da ake ɗinkewa. Mukan ƙetarar da mutane wancan haye, mu kwaso kifi da shinkafa daga tungayen bakin kogi. Mashiginmu yana ƙasan kasuwa, inda gaɓa ta kwanta, ƙasar da tauri, jaki yakan sauko da kaya har bakin jirgi. Kakanninmu suka share wurin. Wata safiya sai ga gardi, wato ɗan sandan Nasara, da wani Bature mai igiyar awo suna kafa turaku. Wai kumandan, Baturen da ke mulkin gari, zai ba wani kampani wurin ya gina rumbun gujiya, mu kuma mu gangara can ƙasa, inda laka take kai wa mutum cinya. Ba wanda ya tambaye mu. Ko sallama ba su yi ba.

Muka taru wurin Sarkin Ruwa, tsohon da ke shugabantar masu jirgi. A shekarar aka ce kowa zai jefa ƙuri'a, mace da namiji. Cikin masu neman kujerar majalisa akwai wani da ya yi aikin rubutu a biro, wato ofishin kumandan. Uwarsa 'yar tunga ce, don haka mutanensa duk suna tungaye, akwatin zaɓe kuwa yana cikin gari, kuma ba hanyar da za ta kawo su sai ruwa.

Na miƙe na ce, "Sarki, wuyansa na hannunmu. Ranar zaɓe kada a ɗauko masa ko kaza sai an cire turakun nan."

Tsohon ya harare ni. Ya ce, "Kai ɗan nan, zauna. Wanda ya tsaya a gaɓa ya kira jirgi ba a hana shi, ko shi ya kashe maka uba. Ba a kaina za a fara ba."

Sai wani dattijo mai ɗinkin jirage, wanda ba ya magana sai da goro a kunci, ya ce, "To jirgin da ke kife ana masa gyara fa, Sarki? Shi ma ya hana wani?"

Sai Sarkin Ruwa ya ce shi dai ya lura nasa yana yoyo.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe muka jawo jiragen Gaya kaf muka kife su a kan tudu. Kowa ya zauna da igiya da tsumma yana toshe ramin da babu. Mutum ya zo ya kira, a ce masa, "Ayya, yi haƙuri, gyara muke." Mata masu kifi suka zage mu har kakanni, kuma da gaskiyarsu. Gardi ya zo yana kumfar baki, ya ce, "Duka rana ɗaya suka huje?" Na ce, "Ikon Allah, ranka ya daɗe." Ban taɓa jin daɗin rana kamar wannan ba. Karon farko ke nan da na ga gari ya san muna nan.

Ba a jima ba ɗan takarar ya iso, da farin wando da tabarau. Ya durƙusa ya ce wa Sarkin Ruwa Baba, ni kuma ya ce mini yayana. Ni aka sa na yi magana, saboda na taɓa shiga lakwal, makarantar boko, damina ɗaya kafin na gudu, kuma a wurinmu wannan digiri ne. Na faɗa masa buƙatarmu guda ce, mashigi. Ya ce ai kakarsa ma a nan take wanki, ranar da ya hau kujera a ranar za a tuge turakun.

Muna da hanyar ɗaure alkawari. Mutum ya shiga kogi har idon sawu, ya ɗebi ruwa da tafinsa ya sha, ya faɗi abin da ya ɗauka. Liman ba ya son abin, amma shi ma ba ya wasa da shi. Wanda ya sha ya saɓa, shi kaɗai ne aka yarda a bari a gaɓa yana kira, kuma a Gaya ta wancan zamani wanda jirgi ya ƙi ya zama fursuna. Ba kasuwar haye, ba jana'izar dangi. Mutumin ya cire takalmi, ya cire safa, ya naɗe farin wandon, ya shiga ya sha.

Sarkin Ruwa ya ce a bari a ga an tuge turakun tukuna, sannan a tada jirage. Nan bakina ya kai ni. Na ce, "Haba Sarki! Ya sha ruwa a gabanka. Ina zai bi, fiffike gare shi?" Samari suka goya mini baya, tsohon ya ɗaga kafaɗa. Ranar zaɓe tun safe muke jigila har kafaɗuna suka mutu, tsofaffi da masu goyo da makafi, ba mu karɓi ko anini ba. Ya ci.

Turaku ba su motsa ba. Bayan turaku sai duwatsu, bayan duwatsu sai siminti.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, duk tsawon lokacin nan Nasara suna zuba ginshiƙan gada a tsakiyar kogi. Kullum ta gefensu muke wucewa. Mu muke kai leburorin aiki, muna musu dariya muna cewa ruwa ya cika zai tafi da abin wasansu. Shi kuwa a biro ya zauna, ya san gadar za ta tsaya, ya san mota za ta bi ta kai. Lokacin da yake kurɓar ruwanmu ya riga ya san ba zai sake tsayawa a gaɓa ya kira kowa ba. Ya dubi tsohon da ya isa ya haifi ubansa ya sha, kamar mai kurkure baki. Ba cin amanar ce ta fi ci mini rai ba, rainin ne.

Muka sake kife jirage, wannan karon ba wanda ya zo sai masu kifi da zaginsu. Yunwa ta mayar da mu ruwa. Muka koma laka, jakai suka ƙi sauka, fatake suka fara neman wata hanya.

Da aka ce ya zo gari hutu, muka je gidansa, ni da Sarkin Ruwa da mai ɗinki. Aka bar mu a rana, ko tabarma babu. Da ya fito ban gaishe shi ba. Na tuna masa kakarsa mai wanki, na tuna masa ruwan da ya sha, na faɗi wasu abubuwan da ba za su rubutu ba. Bai yi fushi ba. Ya saurare ni har na gaji, ya ba Sarkin Ruwa goro, sannan ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Yayana, ƙuri'a dai kun riga kun ba ni. Yau me kuka zo da shi?"