Ovidio da Yarinyar Layi na Biyu

Ovidio Membreño ya zo ƙofar gidana ne da jakar leda ɗaya da takalmi marar igiya. Duk wanda ya daɗe a garinmu Siguatepeque ya san ma'anar wannan takalmin: daga Amurka aka koro mai shi, tun can aka zare masa igiyoyin kafin a sa shi a jirgi. Ya ce an gaya masa ina da ɗakin haya a bayan gida. Na ce ina da shi, amma ba na son mashayi, ba na son mai kwaso mata, ba na son mai rediyo.

Ya ce, "Doña Tencha, ko ɗaya ba ni da shi."

Gaskiyarsa kuwa. Da na san irin shirun da zan shigo da shi gidana, da ni da kaina na saya masa rediyon.

Labarinsa sai da na riƙa tatsarsa kaɗan-kaɗan, don ba mai magana ba ne. Ɗan ƙauye ne daga duwatsun Intibucá, ya tashi cikin gonar kofi. Ya auri Marleni, suka haifi 'ya mace, Yolibeth. Shekarar da cuta ta cinye kofin yankinsu, yarinyar ba ta daɗe da iya magana ba, ya bi sahun masu tafiya. Ya ƙetare Mexico a kan rufin jirgin ƙasa, ya ƙare a Houston yana buga rufin gidajen mutane. Da farko yana aike, yana kira duk Lahadi. Sai ya faɗo daga sama, ya yi watanni a kwance. Babu abin aikewa, sai ya ji nauyin kira hannu rabbana. Ya ce bari ya warke tukuna. Ya warke, ya ce bari ya tara wani abu tukuna. Haka wata ya zama shekara, shekara ta zama shekaru. Ba mace ce ta ɗauke masa hankali ba, ba kuma giya ba. Kunya ce zalla, kuma ni a wurina ta fi su ban haushi. Marleni ta jira har ta gaji, ta koma Comayagua da yarinyar, ta auri wani mai shagon kayan gini. Ban ga laifinta ba, na kuma faɗa masa haka a gaban idonsa.

A nan garin, facin taya yake yi a bakin babban titi. Da yamma ya dawo, ya kifa bokiti kusa da kaskon da nake sayar da abinci, in naɗe masa baleada, wainar fulawarmu, da wake da cuku, ya ci kansa a sunkuye. Ranar Lahadi ya wanke rigunansa, ya je coci ya zauna a bencin ƙarshe, ya sulale kafin a zo wurin da ake juyawa a gaisa da na kusa. Motocin Comayagua kuwa wuni suke suna wucewa ta gaban rumfarsa, kwandastoci na kwarara sunan garin a kunnensa. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Bai taɓa hawa ba.

Mu nan da damina ta yi nisa, ba sauran zaman lafiya. Kowace makarantar sakandare ta fito da gangunanta da begilolinta ana gwajin badujala, saboda faretin ranar 'yancin kai na Satumba da gasar da ke biyo baya. Ni dai ciwon kai kawai nake samu. Shi kuwa Ovidio, tun ranar da ƙanwarsa Reina ta gaya masa Yolibeth ta shiga badujalar makarantarsu tana busa begila, sai ya zama da an fara busa zai dakata da tauna. Yaran wasu ne, a garin da ba nata ba, amma haka zai kasa kunne har abincin ya huce a hannunsa. Tausayi yake ba ni, wani lokacin kuma in ji kamar in kwaɗa masa ludayi.

Reina ce kaɗai igiyar da ta rage tsakaninsa da can. Wata Laraba ta kira shi, ya zo ya tsaya a kaina da waya a hannu kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Wai yarinyar ta ce gasar ranar Asabar ce, a filin wasa na Comayagua. Bana take gamawa, wannan ce ta ƙarshe. Wai in ina so, in zo."

"To?"

"Me take nufi da in ina so?"

"Tana nufin ka yi wanka ka hau mota, sakarai. Ko so kake ta aiko maka da doki?"

Ya yi ta juya wayar. Can ya ce, "Za ki raka ni?"

"Ni? In rufe kaskona ranar Asabar, in je in zauna a rana yara su fasa mini kunne?"

Ya sa wayar a aljihu, ya juya zai tafi. Abin da ya karya ni ke nan. Da ya yi magiya da na samu abin musu.

Mun isa filin tun hantsi, zafin Comayagua ya riga ya sauko. Kowa da ayarinsa ya zo: iyaye, kakanni, 'yan uwa, rigunansu iri ɗaya, da laimomi da ƙyallaye an rubuta sunayen 'ya'yansu. Mu biyu muka raɓe a ƙarshen benci. Ovidio ya lura kowane uba yana riƙe da ɗan tawul da ruwan leda yana jiran ɗansa, sai ya tashi ya je ya sayo nasa. Ya ɗora su a cinya, ya dafe da hannu biyu.

Wanda bai taɓa neman ɗansa a cikin 'yan badujala ba bai san wahala ba. Doguwar hula mai gashin tsuntsu ta sauko har gira, maɗauri ya kama haɓa, gashi an tura ciki, hannu da farar safa. Namiji da mace ma ba ka rabewa. Da gangan ake yin haka, don alƙalai so suke su ga mutum ɗaya mai ƙafafu da yawa. Iyayen da suka sani, sun sani ne saboda su suka goge rigar da safe, kuma an gaya musu layi. Ovidio hoto ɗaya yake da shi a waya, wanda Reina ta turo, yarinya da sakakken gashi tana dariya a wajen wani biki. Lasifikar filin kuwa in ta yi magana sai ka ce a cikin rijiya take.

Makarantu suka yi ta shigowa suna fita. Da rana ta take, sai ga na su Yolibeth, masu ja da ruwan toka. A gabansu, can nesa da kowa, wata doguwa ce ke jan su da sanda mai kan azurfa. In ta ɗaga sandar, ganguna su ɗauka. In ta sauke, filin ya yi tsit. Ni da na zo da niyyar tsaki, sai ga ni na miƙe wuya.

Ovidio idonsa na kan masu begila, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Kwatsam ya damƙi hannuna.

"Ga ta can! Layi na biyu, ta gefe. Dubi yadda take jefa ƙafar hagu waje. Tafiyar mahaifiyata ce, wallahi. Jini ba ya ɓuya."

"Ka tabbata?"

"Doña Tencha, 'yata ce fa."

Tunda nake da shi ban taɓa jin muryarsa ta fito haka ba. Daga nan bai ƙara ganin kowa ba. Layi ya juya, ya juya da shi. Yarinyar ta ɗaga begila, ya ɗaga haɓa. Hawaye na bin fuskarsa bai ko share ba, ga tawul a cinyarsa. Ana cikin haka mai sandar nan ta tsaya cak tana fuskantar ɓangarenmu, ta wulwula sandar, ta cilla ta sama. Filin gaba ɗaya ya ɗauke numfashi. Yarinyar ta juya sau biyu, ta durƙusa, sandar ta faɗo cikin tafin hannunta ba tare da ta ɗaga kai ba. Mutane suka miƙe da ihu.

Na zungure shi. "Kai, dubi ta gaban nan!"

Ya ce, "Bar ni, ba ita ta kawo ni ba."

Bayan sun fita muka zagaya bayan filin, inda yara ke zube a inuwar motoci, iyaye na yi musu fifita. Ovidio ya hango ta layi na biyun tana kokawa da maɗaurin hularta. Ya tsaya nesa kaɗan, yana ta gyara riƙon tawul, ya kasa ƙarasawa. Sai ga doguwar nan ta nufo mu, sanda a hammata, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Ta ce, "Don Ovidio?" Haka ake kiran babban mutum da girmamawa a nan.

Ya ɗauka aiko ta aka yi. Ya ce, "Ni ne, 'yan mata. Sannunku da ƙoƙari. Yolibeth nake jira, waccan mai busar. Kin ga yadda ta yi kuwa? Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Tun da kuka shigo ban ɗauke ido daga kanta ba."

Yarinyar ta dube shi. Ta dubi wadda ya nuna, wadda a lokacin wata mata mai jiki ta rungume tana sumbata. Sannan ta sa hannu ta cire hularta. Ni da ban san kowa nasu ba sai Reina, wadda ta taɓa zuwa gidana duba shi, nan take na ga goshin Reina da idanunta.

Ta ce, "Na bar begila tun bara. Bana ni aka zaɓa in ja su. Shi ya sa na ce ka zo."

Ya tsaya yana kallon fuskarta.

"Na ce a raina, a gaba dai ko ba ka san ni ba za ka gan ni. Ni na gan ka. Gwaggo Reina ta turo mini hotonka. Saitinka na tsaya da zan jefa sandar."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Ya miƙa mata tawul da ruwan, ta karɓa ta ce ta gode, kamar yadda ake gode wa baƙo. Daga can wani mutum mai tumbi ya ɗaga waya yana kira, "Yoli! Zo a yi hoto, uwarki na jira!"

Ta waiga ta ce, "Ina zuwa, Baba." Ta ɗan tsaya kamar akwai sauran magana, ta ce mana mu sauka lafiya, ta tafi.

An ce su suka zo na biyu. Ba mu tsaya jin sakamako ba.

A mota ya zauna jikin taga. Na shirya masa faɗa cikina fal, amma da na dubi ƙeyarsa sai na haɗiye. Sai da muka fara hawan dutse, iska ta yi sanyi, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Doña Tencha, ke kin gan ta?"

"Na gan ta. Kowa ya gan ta."

"Tun daga farko?"

"Tun daga farko har ƙarshe."

Ya ce, "To gaya mini. Kada ki tsallake komai."

Na fara daga shigowarta. Ya rufe ido yana saurare. Da na kai wurin da ta cafe sandar, ya ce in tsaya, in koma baya kaɗan, wurin da ta juyo tana fuskantar inda muke.