Keken Hajiya da Ogana Ɗan Japan

"Ɗana, to da me zan taka?"

Haka wata Hajiya ta tambaye ni jiya a filin jirgi nan London. Jirginmu ya kawo ta, amma an bar keken guragunta a Tokyo.

Na ce, "Hajiya, ki shiga online ki cike form." Abin da aka koya mini ke nan a kamfanin jirgin Amurka da na yi wa aiki a da: kada ka amsa laifi, tura su gaba.

Sai ogana, ɗan Japan da ya yi furfura a wannan kamfanin da nake yanzu, ya zo ya rusuna mata, ya ba ta haƙuri. Da kansa ya samo wani keken, ya tura ta har mota.

Na ce, "Oga, ai ba kai ka manta keken ba."

Ya nuna bajon kamfani da ke ƙirjina. "Ita ba ta san wanda ya manta ba. Mu ta gani."

Waɗancan na Amurka da email ɗaya suka sallame ni. Nan kuwa, wallahi ba inda za ni.

Ku a wurin aikinku, wa ke fitowa ya ce "laifinmu ne"?