Ludayin Yaya Habibu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe shanun rugar Arɗo suka bi ta gefen gonarmu a Nasarawan Doya, har da 'yan maruƙa. Karenmu Ɗan Ja na zaune kusa da ƙafata. Kunnuwansa sun miƙe, jikinsa na ɓari, amma bai tashi ba.

Na ciro waya in gaya wa Yaya Habibu, sai ga kiran ƙanensa ya shigo. Wai Allah Ya yi wa Yaya rasuwa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai gyaran waya a bakin kasuwar Makarfi. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma Yaya nake ce masa, kuma ya amsa sunan.

Baba ya ajiye Ɗan Ja ne don gadin masara. Da damina karen ya kori wani maraƙin Arɗo har maraƙin ya ji ciwo a ƙafa. Arɗo ya kai ƙara, mai unguwa ya ce in ya sake, masu sayen karnuka za a ba. Kowa ya san inda suke kai su.

Na je gyaran caji, na ba Yaya labarin. Ya yi ta dariya, ya raɗa mini Sarkin Karnuka. Amma kafin in tashi ya nemo mini kwas a intanet, wata Baturiya ce ke koyar da horon kare tun daga tushe: ya san sunansa, ya zauna, ya jira.

Ni da ban gama firamare ba, ina zan kai Turancinta? Shi yake kallo tsakanin kwastoma da kwastoma, ya turo mini bayani da murya.

Darasin farko muka maƙale. Matar a tafin hannu take ba kare ladan ɗan abinci, yana lasa. Na ce Yaya, ni mai alwala ne, wannan ba da ni ba. Sai ya ce ai ba hannun ne aikin ba, ladan ya zo a kan lokaci shi ne aikin. "Je ka roƙi Inna tsohon ludayi."

Haka na fara, ludayi da gutsuren ƙuli-ƙuli. Samari na gani na sai su ce, Sarki, ina furar?

Sai ga wata matsala, Ɗan Ja ya koma yi wa ludayi biyayya ba ni ba. In babu shi a hannuna, ko kallona ba ya yi. Yaya ya kalli bidiyon da na tura masa, ya ce in riƙa soke ludayin a bayan wando, sai kare ya zauna tukuna in fito da shi.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi ya rame. Ya ce zazzaɓi ne kawai, ya tura mini benci, ya hau tambayar Ɗan Ja kamar ɗan gida. Da zan tafi ya ce, "Ranar da shanu suka wuce bai tashi ba, ni za ka fara kira, kafin Baba ma."

Yau ludayin ma a gida na manta shi.

Allah Ya gafarta wa Yaya Habibu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tausayin da ya yi wa dabbar da ba tasa ba ya zame masa abin ceto. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya masa 'ya'yansa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Shi bai ga zaman Ɗan Ja na yau ba. Amma Jauro ɗan Arɗo da ke kora shanun ya gani, mai unguwa ma ya tsaya da kekensa ya gani, ya ce Ɗan Ja ya ci gaba da zama a gida.