A Wuyan Wa Na Hau Dutsen Kwatarkwashi?

Ƙanshin hoce ne ya hana ni sakat. Wata mata ce ta wuce da shi, gasasshen ƙullin hatsin nan na ƙasarmu, a faranti ta ƙofar ofishinmu a Gusau, daga nan zama ya gagare ni. In tashi, in leƙa taga, in dawo, har abokin aikina ya tambaye ni ko cinnaka ne a kujerar.

Bari ka ji dalili. Mahaifina ya rasu ina ƙarami ƙwarai, kuma abu ɗaya tak nake tunawa game da shi. Lokacin kaka ne, an gama yankan gero. Ina zaune a wuyansa, na riƙe kunnuwansa, muna hawan dutsen Kwatarkwashi. Aljihunsa cike da hocen da Inna ta gasa da safe, yana ɓantara yana miƙo mini sama. Fuskarsa kam ban gani ba. Yaya zan gan ta ina bisa kansa? Hularsa na sani, da gumin ƙeyarsa, da ƙanshin nan.

Da wannan na girma, shi nake gani duk lokacin da nake yi masa addu'a. Sai bara Yaya, babbarmu, ta ce mini cikin hira, ko a jikinta: "Ai ba Baba ba ne, Kawu ne ya hau da kai. Baba lokacin yana kwance." Wallahi ji na yi kamar an sake yi mini rasuwa. Kawu ya daɗe da barin duniya. Inna kaɗai ta rage da za ta raba mana gardama, ita kuwa mantuwa ta kama ta.

Da muka kai ta asibiti, likitar, 'yar kudu amma haihuwar Gusau, ta nuna mini hoton ƙwaƙwalwar Inna. Ta ɗora yatsa a wani ɗan wuri can ciki, saitin kunne. Ta ce nan ne sabon abu ke fara sauka kafin a hankali ya bazu ya zauna a sauran sassa, kuma na Inna ya tsuke. Shi ya sa abin da ta ci da safe ke ɓace mata, na shekarun baya kuwa yana nan. Na ce to nawa kan fa? Ta ce ko mai lafiya, duk sa'ad da ya tuna abu sake harhaɗa shi yake yi, kuma yana iya sa wani a gurbin wani bai sani ba. Maganar nan ba ta kwantar mini da hankali ba ko kaɗan.

Ranar nan dai bin mai hocen na yi na saya, na kama hanyar Tsafe, inda Inna ke zaune wurin Yaya. Na wuce dutsen yana nan yadda yake, sai dai yanzu, saboda rashin tsaro, ba mai tsayawa a hanyar haka kawai.

Na same ta kan tabarma a gindin darbejiya. Na gaishe ta, ba ta gane ni ba. Na ɓantari hocen na miƙa mata. Ta shinshina, ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara mayafi ta sunkuyar da kai.

"Malam," ta ce, yadda take kiran mahaifina, "kai da ba ka da lafiya, mi ya kai ka bisa dutse da yaron ga a wuya? In ya faɗo fa?"

Yaya ta tsaya cik da tsintsiya a hannu.

"Na riƙe shi da kyau," na ce.

"To, ka ba shi hocen, bai ci komi ba."

Yau Inna ba ta san sunana ba, ni ma furfura ta fara fito mini, kullum cikin neman makullin mota nake. Wataƙila likita za ta ce ƙwaƙwalwar Inna ma harhaɗawa ta yi. Na sani. Amma na zauna gabanta na cinye hocen nan tas, tunda ta ce a ba yaron.