Ranar Da Aka Gwada Dogo

Tafinta matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da bakinsa yake faɗa. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, ba ya tsallaka titi sai a cikin mutane. In matarsa ta ɗaga murya a tsakar gida, sai ya tuna yana da saƙo a waje. In aka yi masa dariya ya ce, "Ku yi ta yi. Jarumawan ajinmu duk ni na raka su makabarta."

Yana aiki a asibitin wani kamfanin fasa dutse, can saman tsauni. Ɗaki ɗaya ne, da gado da sikeli da allon gwada ido. Duk wanda za a ɗauka aiki sai likita ta duba shi. Likitar baƙuwa ce, Hausarta ba ta wuce sannu ba, don haka Tafinta ke tsayawa tsakaninta da mutane. Tun ranar farko ta kafa masa ƙa'ida: ya zama kamar bututu, abin da ya shiga shi zai fito, ba ragi ba ƙari. Ƙa'idar ta yi masa daɗi, don ba a kama bututu da laifi.

Inda kawai yake sakewa shi ne bencin bakin ƙofa, wurin da masu neman aiki ke jira. Nan yake koya musu abin da za su gaya wa manaja in sun fito daga wajen likita. Yakan ce musu Turanci ya rarraba abin da mu muke tarawa wuri guda. Yadda ake cewa jikinka zai ɗauki aiki daban, yadda ake cewa aikin ya dace da kai daban, yadda ake cewa kana nan a shirye ko yau aka kira ka, shi ma daban. Sai ya sa su maimaita, suna karya harshe yana gyarawa.

Matarsa tana da ƙane direba da ake kira Dogo, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Dogo ya daɗe ba aiki, ga mata ga yara. Da ya ji kamfani na neman direban motar da ke hawa da ma'aikata da safe ta sauko da su da yamma, sai ya dira gidan yayarsa.

"Mijin Yaya, sarkin gudu! Fito ka ɗura mini Turancin nan naka."

"Kan naka zai ɗauka? Tsawo kawai aka ba ka."

"Gara ni. Kai da kaza ta kora har uwar ɗaka."

"Zakara ne, kuma ba shi da hankali."

Suka zauna a inuwar katanga da rana tsaka. Dogo ba daƙiƙi ba ne, nan da nan ya riƙe jimlolin. Yana cikin maimaitawa sai ya tsaya a tsakiyar magana. Idonsa ya kafe. Ya sulale daga kan kujera, jikinsa ya sandare, sannan ya shiga jijjiga, kumfa a baki, dugadugansa na dukan siminti. Tafinta ya manne da bango. Matarsa ce ta fito da gudu ta juya ƙanenta gefe, ta tallabe kansa, ta ture kujerar da ƙafa. Hannunta ko rawa bai yi ba. A nan Tafinta ya gane ba yau ta fara ba.

Da Dogo ya farfaɗo barci ya ɗauke shi, ta zo ta tsaya a kan mijinta.

"Tun bara ne. Ba kullum yake zuwa ba. Ka ga wani abu?"

"Na ga..."

"Ba ka ga komai ba. Yaransa sun fara kwana da yunwa. Kai ba bututu ba ne? To ka zama bututu."

Motar da Dogo ke nema, ita Tafinta ke shiga kullum. Hanyar kwana-kwana ce, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen rami wanda in tsakuwa ta gangara ba a jin saukarta. Shi dama gefen dutse yake zama, ido rufe, yana addu'a har a iso. A kwanakin nan idon ya ƙi rufuwa. Yana kallon ƙeyar tsohon direban da zai ajiye aiki, yana ganin ƙeyar Dogo a wurin. Yana kallon mai walda da ke gyangyaɗi, da masu fasa dutse, da matar da ke dafa musu abinci da goyo a baya. A kowace kwana sai ya leƙa ramin. In ya koma gida kuma ya tarar da idon matarsa, sai ya ji ramin ma da sauƙi. Ya daina cin abinci sosai. Likita ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce zafi ne.

Ranar gwaji Dogo ya zo da wanka da guga. Ido ƙalau, kunne ƙalau, jini daidai. Likita ta yaba, ta koma kan tambayoyi. Yana shan wani magani? A'a. Yana shan abin maye? A'a. Sai ta tambaya ko ya taɓa suma, ko ya taɓa faɗuwa jikinsa na jijjiga.

Tafinta ya fassara yana kallon sikeli.

"Ni?" in ji Dogo. "Zazzaɓi ma tsorona yake ji. Gaya mata a'a, mijin Yaya."

Tafinta ya gaya mata a'a. Aikinsa ke nan, kuma ya yi shi daidai.

Likita ta jawo hatimi ta buɗe tawada. Gumi ya jiƙa wa Tafinta riga. Ya ji kamar yana cikin motar a kwanar da ta fi muni, ya ga sitiyari ba mai riƙe da shi. Bakinsa ya buɗe. Da Turanci ya yi maganar, ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar hanyar bayan gida. Ya ce mata jikin mutumin nan ba zai ɗauki wannan aikin ba.

Ta ajiye hatimin.

"Shi ya faɗa, ko kai?"

"Ni ne."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

Ta juya ta dubi Dogo. Ta ce a gaya masa ciwon yana da magani, mutane da yawa na rayuwa da shi, kuma zai iya aiki a ƙasa, amma ba za ta sa hannu ya tuƙa mota ba. Tafinta ya juyo zai fassara.

"Ba sai ka wahala ba, Malam," in ji Dogo. "Ai kai ka koya mini."

Bai taɓa kiransa Malam ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, bai jira mota ba, da ƙafa ya sauka tsaunin.

Ƙofar ɗakin katako ce mara kauri, masu jira a benci sun ji komai. Kafin mako ya zagayo, duk mai mota a garin ya san Dogo na da farfaɗiya, babu mai ba shi makulli ko na zuwa wanki. Matar Tafinta ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa faɗan yake jira. Takan ajiye masa abinci ta wuce. Ya daina bin layin su Dogo. In ya ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ya yi zaton an zo gaya masa Dogo ya ari babur ya faɗi da shi a titi.

A mota kuwa girma aka fara ba shi. Mai walda ya ce, "Ashe zaki ne a cikinmu ba mu sani ba." Mai abinci ta ce Allah ya yi masa albarka, ta ƙara masa nama. Shi kansa bai san ko don su ya yi magana ba ko don fatar jikinsa, kuma da ba a motar yake ba, mai yiwuwa da ya yi shiru.

Wata yamma ana saukowa, mai walda ya sake ɗauko zancen zaki. Tafinta ya miƙe tsaye a cikin mota tana tafiya, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙanƙame ƙarfen kujera da hannu biyu.

"Don Allah ku bar maganar nan. Wane zaki? Ni ma a motar nake," ya ce. "In kuna son yi mini alheri, ku nema masa aiki. Na zaune, a ƙasa, nesa da wuta, nesa da inji. Yana da ƙarfi, ya iya lissafi, ba ya sata. Wanda ya samu ya je ya gaya wa matata, kada ya gaya mini. Kuma kada ku ce ni na roƙa."