Kamun Ba Modu

Har yau ban manta da ranar da aka aike ni Gashuwa in mayar da shaf biyu, aka kuma hana ni faɗin laifinsu ba. Ƙarshen shekarun 1990 ne, ina mataimakin Oga Sale Dogo a garejinsa da ke Nguru.

Babban aikinmu a lokacin shi ne rage faɗin bakaksil, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya. Fataken kifi kan labta wa ƙananan motocinsu kaya har nasu ya karye, sai su ce a sa musu na babbar mota. Shi kuwa faɗi yake yi, tayoyin ba sa zama cikin sawun da motoci suka bari a rairayi. Don haka mukan yanke shi ta gefe biyu, mu haɗa da walda. Wahalar tana wajen samun shaf, sandunan ƙarfen da ke juya taya daga ciki. Dole tsawonsu ya dace, haƙoransu kuma su kama.

Duk yankin, mutum ɗaya ke da tarin tsofaffin shaf: Ba Modu, wani dattijon Babarbare a Gashuwa. Gajere ne ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓo zancen tsawonsa, ko da bisa kuskure, ciniki ya ƙare tsakaninsu har abada. Garejin da ya rasa Ba Modu kuwa ya rasa wannan aiki.

Oga ya yanke bakaksil ɗin wani Alhaji, ya auna da hannunsa, ya ba wani direba saƙon baki, don babu waya: kamu biyu ba yatsa uku. Ba Modu ya auna da nasa hannun, ya aiko. Da muka zura su, ko kusa da inda haƙoran za su kama ba su kai ba.

Oga ya ce, "Mayar masa ka karɓo dogaye. Amma kada kalmar gajarta ta fito daga bakinka."

Na ce, "To me zan ce ya same su, Oga?"

Ya ce, "Kai ne mataimaki."

A tasha na tarar da Buba, wani dogon Bafulatani mai jan motar Gashuwa. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: maganar da za ta kai ni gaban alƙali, a bakin Buba gaisuwa ce. Na zauna kusa da shi, na ba shi labarin tsaf, na ja masa kunne cewa sirri ne. Da muka isa na roƙe shi ya taya ni ɗaukar ƙarfe.

Na gai da Ba Modu, na fara kame-kame cewa wataƙila haƙoran ne. Ya duba ya ce, "Haƙora lafiyarsu ƙalau. Faɗi abin da ke bakinka, ɗana."

Buba ya ce wa Ba Modu, "Bawana, wa ya ce ka auna da hannunka? Kamun mutum aka ce, ba na ɗan yaye ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Buba, ba haka muka yi da kai ba."

Ba Modu ya ƙare masa kallo. "Kai da za a zura ka ta bakaksil ka fito ta ɗaya gefen, kai ne mai zancen jiki? Miƙo hannun nan mai kama da sandar kiwo."

Ya durƙusar da Buba cikin baƙin mai, ya sa shi auna shaf ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ya san ba su ba ne. Sai da farar rigar Buba ta tashi daga aiki, sannan ya jawo biyu daga ƙarƙashin bencinsa. Da zan tafi ya ce, "Kai kana da ladabi, ɗana. Ka daina yawo da Fulani."

Shaf suka zauna daram. Daga wannan rana igiyar awo muke aikawa, kuma sai mun sami shaf muke yanke bakaksil. Ɗaya darasin, ku matasa ku riƙe: a sana'ar nan akwai gaskiyar da ba bakinka ne zai faɗe ta ba. Nemo wanda al'ada ta ba izini, ka gaya masa, ka ce sirri ne.