Goyon da Dada Ta Yi a Mayo Gwoi

Mahaifiyata, wadda kowa a unguwarmu ta Mayo Gwoi a Jalingo ke kira Dada, ba ta taɓa koyon aikin asibiti ba, amma da wuya a haihu a layinmu ba a aiko mata ba. Ita ke dafa ruwan wankan mai jego, ita ke dama kunun kanwa, ita ke yi wa jariri wankan farko. Ba ruwanta da ko gidan masu zuwa coci ne ko na masu zuwa masallaci. 'Yar zumuntar mata ce a cocinmu, kuma kafin ta taɓa jariri sai ta yi addu'a da yarenmu, ƙasa-ƙasa, har matan Fulanin unguwa suka saba cewa amin ba tare da sun ji abin da ta roƙa ba. In namiji aka haifa sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan mijin nawa hannu wofi ya zo, ko zane bai riƙo min ba. Ku mayar da shi inda ya fito."

Ni tuƙin manyan motoci ya raba ni da gida tun ina saurayi. Na zauna a Garwa da Njamena da Kumasi, sai bayan an ba mu jihar Taraba na dawo gaba ɗaya. Na tarar Jalingo ta cika da ma'aikata baƙi, kowane gida an yanka ɗakunan haya. Dada tana zaune da ƙanwata da 'yar ƙanwar tawa, budurwa a lokacin. Na kuma tarar ta fara mantuwa. Takan zuba gishiri a miya ta sake zubawa, takan tambayi ko mahaifinmu ya dawo daga gona, alhali ya daɗe a ƙasa.

Na taɓa ganin irin wannan. A Kumasi na yi haya a gidan da tsohonsu ke haka, suka sa masa kujera a ƙofar gida, duk mai wucewa ya gaishe shi. A Garwa wani likita ya ce min ciwon ƙwaƙwalwa ne, ya faɗi sunansa da Faransanci, ya ce ba shi da magani. A unguwarmu tsufa kawai ake ce masa, kafin a sa masa wani sunan.

Maƙwabcinmu malamin makaranta ne, wanda Dada ce ta yi masa wankan farko. Matarsa ta haifi namiji. Wata rana da hantsi Dada ta kai mata kunu, ta tarar tana banɗaki, jaririn yana kuka a kan gado. Ta ɗauke shi ta goya, ta fita. Unguwa ta ruɗe da nema har rana ta take, sannan wasu mata masu wanki suka aiko cewa ga ta can bakin rafi. Muka same ta zaune a kan yashi tana jijjiga shi, tana kiransa da sunan ƙanena da ya rasu yana jariri tun ban yi wayo ba. Yaron barcinsa yake. Uwar ta fizge shi, Dada ta bi ta da ido ta ce, "Ke, ina za ki kai min ɗa? Bai sha nono ba."

Da farko tausayi aka ji. Amma da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama yaron, ya rasu, kamar yadda yara ke rasuwa kowace damina. Ba a jima ba ƙanwata ta same ni a zaure.

"Yaya, ka ji abin da ake cewa? Wai Dada mayya ce. Wai a bakin rafi ta kama kurwar yaron."

Sai aka shiga tuno duk yaron da ta taɓa yi wa wanka ya mutu. Waɗanda suka rayu, da su ne rabin unguwar, ba wanda ya ambace su. Na je wurin malamin.

"Baba, ni ban faɗa ba," in ji shi.

"Matarka ta faɗa."

"Mace ce ta rasa ɗa. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata hannun da take zargi shi ya fara wanke ka."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba. Amma ko ni, in na tuna... me ya kai ta bakin ruwa?"

Fasto ya yi wa'azi a kan zargi, kowa ya ce amin. Lahadin da ta biyo baya bencin da Dada ke zama ya zama nata ita kaɗai da ƙanwata. Aka daina aiko mata in an haihu. Ita kuwa ba ta san an daina ba, kullum tana tambaya wa ya sauka a unguwa.

Abin da ya ƙarasa mu ya faru ne ina garin Mutum Biyu wajen wata jana'iza. Wata yarinya a bayan layinmu ta kwanta rai a hannun Allah, danginta suka zo ƙofarmu suka ce sai Dada ta zo ta tsallake ta. Haka ake sa wanda ake zargi da maita ya yi, wai don ya saki kurwar da ya kama. Ƙanwata ta tare ƙofa tana kuka. Amma Dada ta jiyo ana cewa yarinya ba lafiya, kuma a iya saninta ma'anar wannan ɗaya ce: ana bukatarta. Ta ɗaura kallabinta na zumunta ta fito da fara'a, tana yi musu faɗan me ya sa ba su kira ta da wuri ba.

Ƙanwata ta ce da suka shimfiɗa yarinyar a tabarma suka ce ta tsallake, dariya ta yi. "Ku yaran zamani, ana tsallake yaro? Ai ba zai yi tsawo ba." Suka matsa mata. Ta tattare zanenta ta tsallake, sannan ta durƙusa ta dafa goshin yarinyar ta yi mata addu'a. Iyayen suka ci gaba da ba ta maganin asibiti, ta warke. Na yi wa yarinyar murna, amma na san warkewarta ta rufe bakin duk wanda ke shirin kare mahaifiyata. Daga ranar ba a ƙara cewa "wai" ba.

Dada ta rasu kafin shekarun alif ɗari tara da casa'in su ƙare, ba ta taɓa sanin sunan da aka sa mata ba. Mu muka san shi. A nan an yarda maita a nono ake shanta, saboda haka ƙanwata da 'yarta suka gaje ta. Masu neman auren 'yar ƙanwar tawa suka janye ɗaya bayan ɗaya, har sai da ta bar garin ta sami miji a inda ba a san mu ba.

Da ta haifi ɗanta na fari na je barka. Ta tare ni tun a bakin ƙofa, ta karɓi jakata, ta rage murya.

"Kawu, don Allah, in surukaina sun tambayi asalinmu, ka tsaya a kan dangin babana. Kada ka kawo maganar Dada."

"Ita ta goya ki fa."

"Na sani, Kawu. Amma ina da ɗa yanzu."

Na shiga, aka miƙo min yaron, na sa masa albarka. Da surukarta ta tambaye ni ko mahaifiyata tana da rai, na ce ta rasu, aka ce Allah ya ji ƙanta, aka ci gaba da wata hirar.